Shatin Bulala Yana Ɓacewa, Na Zuci Yana Nan

(Wannan ita ce laccar da aka yi wa 'yan jam'iyya na reshen kasuwa, maza da mata. Mun buga ta duka domin waɗanda ba su sami halarta ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa na rumfa.)

Shugaban taro, dattawanmu, iyayenmu mata, da sauran 'yan'uwa talakawa, muna gode muku da kuka rufe rumfuna da wuri kuka zo. Allah ya mayar muku da cinikin da kuka bari.

Kun saba in mun taru maganar tsadar hatsi mu ke yi, da kuɗin rumfa, da masu karɓar haraji ba rasit. Yau kuwa cikin gida za mu leƙa. Maganar yara za mu yi: ɗan cikinka, da agola, da maraya, da 'yar riƙo, da 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye, da yaron shago, da 'yar talla, da almajirin da ke ɗaukar maka kaya zuwa tasha. Abin da mu ke so kowa ya koma gida da shi ɗaya ne. Cutar da aka yi wa yaro ba ta ƙarewa ranar da hawayensa ya bushe. Tana shiga cikin hankalinsa ta zauna, ta girma tare da shi, wata rana ta fito ta tsaya a gabanmu da gemu.

Kada wani ya ce wannan ba maganar siyasa ba ce. Tun da aka kafa NEPU a Kano cikin 1950, iyayenmu suka sha bulalar 'yan doka da ɗaurin En'e domin sun ce talaka mutum ne, ba a dukansa kamar jaki. To, in mun ƙi zalunci daga sama, ina dalilin da za mu bar shi yana kwana a ƙarƙashin rufinmu? Ai babu talakan da ya kai yaro talauci. Ba shi da ƙuri'a, ba shi da lauya, ba shi da ƙungiya.

CUTAR IRI HUƊU CE

Ta farko duka, irin wanda ya wuce horo ya zama huce haushi: wayar wuta, da bel, da muciya, da ƙona hannu domin an ɗauki tsokar nama, da ɗaurewa a turke. Ta biyu baki, watau zagi da gori da tsinuwa dare da rana, a ce wa yaro shege, ɗan asara, ba za ka yi albarka ba. Ta uku lalata da yara, mata da maza, wadda kunya ta hana mu ambata, masu yi kuwa suna fakewa da kunyar tamu. Ta huɗu sakaci, watau a bar yaro ba ci, ba wanka, ba magani, ba mai kiran sunansa da daɗi, ba mai tambayar inda ya kwana. Wannan ta huɗun ba ta barin shati a jiki, saboda haka mutane ba su ɗauke ta laifi ba. Amma nan gaba za ku ji irin ɓarnarta.

ABIN DA LIKITOCI SUKA GANO

Tsakanin 1995 da 1997, a birnin San Diyego na Amurka, waɗansu likitoci biyu, Felitti da Anda, suka tambayi manya fiye da 17,000 abin da ya same su tun suna yara. An doke ka har ka ji rauni? An yi lalata da kai? Ana dukan uwarka a gabanka? Akwai mashayi a gidanku? Sa'an nan suka gwada amsoshin da lafiyar mutanen a lokacin. A 1998 suka fara bayyana abin da suka samu.

Wajen mutum biyu cikin uku sun gamu da aƙalla iri ɗaya na waɗannan masifu. Waɗanda suka gamu da iri huɗu ko fiye kuwa, in an gwada su da waɗanda ba su gamu da ko ɗaya ba, hatsarin su faɗa shan giya, ko shan ƙwaya, ko ciwon baƙin ciki mai kwantar da mutum, ko yunƙurin kashe kansu, ya ninka sau 4 har zuwa sau 12. Ciwon zuciya da na hanta da na huhu ma sun fi yawa a cikinsu. Ku lura, jama'a, yawancin mutanen nan masu ilmi ne, masu albashi, waɗansu sun haura shekara hamsin. Ashe kuɗi da shekaru ba su wanke abin ba. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Yaya abin ke aiki? Allah ya yi wa jikin ɗan Adam mai gadi. In ka ga maciji, nan take gabanka ya faɗi, zuciya ta riƙa bugawa, jiki ya zubo da waɗansu sinadarai cikin jini domin ka gudu ko ka yi faɗa. In macijin ya wuce sai jiki ya kwanta. Wannan rahama ce. To, yaya yaron da macijinsa ke cikin gida, yana dawowa kowace magariba? Mai gadinsa ba ya barci. Ƙwaƙwalwa kuwa a shekarun farko ta ke yin yawancin girmanta, kafin yaro ya kai shekara shida ta kusa kai ta babba. Sai ta ginu a kan tsoro, ta koyi cewa duniya wurin hatsari ce, mutum kuma abin gudu ne.

Magina sun san wannan. Tubalin da akuya ta taka tun yana ɗanye, sawun kofaton yana nan har ginin ya tsufa. Mu kan ce icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Gaskiya ne. Amma tun yana ɗanye kuma a ke karya shi.

Shi ya sa za ka ga magidanci da 'ya'yansa, amma in an ɗaga murya sai jikinsa ya ɗauki rawa. Wani ba ya barci sai mafarkin ana bin sa. Wani ƙaramar magana sai ya zaro wuƙa. Wata an yi mata aure amma ba ta iya sakin jiki da mijinta, ana cewa aljani ya aure ta, alhali abin da aka yi mata tana 'yar shekara tara ne bai sake ta ba. Wani ba ya yarda da kowa, ko abokin ciniki, ko ɗan'uwa. Wani kuma ya ɗauki zagin da aka yi masa ya mai da shi gaskiya, ko jari ka ba shi sai ya ce shi ba mai albarka ba ne. Da yawa cikin masu shan kodin da tiramol da sholisho ba daɗi su ke nema ba, neman abin da zai kashe musu wutar da ke ci a ƙirji su ke yi, ko na awa biyu.

YARAN DA SUKA DAINA KUKA

Mun yi alkawari za mu komo kan sakaci. Ku saurari abin da ya faru a ƙasar Romaniya, can Turai ta gabas, domin aikin gwamnati ne. A 1966 shugabansu Cawushesku ya kafa doka domin a tilasta yawan haihuwa, yana son ma'aikata. Talauci ya hana iyaye riƙon 'ya'yan, sai suka riƙa miƙa su gidajen marayu na gwamnati. Da aka kifar da shi a watan Disamba na 1989, aka buɗe gidajen, aka tarar da yara fiye da 100,000. Ma'aikaciya ɗaya jarirai barjat. Ana ba su ɗan abinci, amma ba mai goya su, ba mai yi musu wasa. Waɗanda suka shiga suka ba da labarin ɗakuna cike da jarirai amma tsit, domin jariri in ya yi ta kuka ba mai zuwa, dainawa ya ke yi.

Waɗansu iyalai a Ingila suka ɗauki waɗansu daga cikin yaran suka riƙe su riƙon ɗa. Wani shaihin malami, Rutter, da abokan aikinsa suka bi 165 daga cikinsu har suka wuce shekara ashirin. Waɗanda aka fitar kafin su yi wata shida a gidan marayu sun tashi kusan daidai da sauran yara. Waɗanda suka wuce wata shida kuwa, da yawansu sun girma da rashin natsuwa, da wuyar zama da mutane, da damuwa, da rashin aikin yi, ko da ya ke sun sami gida mai kyau da abinci da makaranta. Watau goyo da rarrashi da hira abinci ne na ƙwaƙwalwa, kamar yadda nono ya ke abincin ciki.

To, ku ɗora wannan a kan yaro ɗan shekara biyar da aka sauke a tasha, garin da bai san kowa ba, da roba a hannu. Ba karatun allo mu ke suka ba, yawancinmu da shi muka tashi, kuma muna alfahari da shi. Amma a da almajiri yana da uwar ɗaki, gari yana ciyad da shi, malam yana da gona. Yau malami ɗaya yara ɗari, ba gona, ba taimako. In zazzaɓi ya kama yaron nan tsakar dare, wa zai taɓa goshinsa?

A NAN GIDA FA?

A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF, ta yi bincike a kan yaran Nijeriya. Aka sami yara 6 cikin 10 sun gamu da wani irin cin zali kafin su kai shekara 18. Rabin yaran an yi musu mugun duka. Yarinya 1 cikin 4, da yaro 1 cikin 10, an ci zarafinsu ta hanyar lalata. Waɗanda suka sami wani taimako kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba. Masu yin abin kuma yawanci ba baƙi ba ne, mutanen da yaron ya sani ne: na gida, da maƙwabta, da malamai.

Mu 'yan kasuwa ba sai an karanta mana lissafi ba. Mun san yarinyar da ke yawo da farantin talla har bayan isha'i, tana tsoron komawa gida domin ƙosai bai ƙare ba. Mun san irin mazan da ke cewa ta shigo ciki za su saye duka. Mun san 'yar aikin da ke tashi kafin asuba, ta kwanta bayan kowa, kuɗin aikinta kuma yana hannun dillaliya. Mun san yaron shagon da aka yi wa dukan kawo wuƙa a kan canjin da bai cika ba, kasuwa tana kallo.

Kuma ku dubi abin da a ke yi in yaron nan ya girma ya lalace. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa, bayansu duk tabo. Cikin makonnin da suka biyo aka sami irinsa a Daura da waɗansu garuruwa. Da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biya, domin sun rasa yadda za su yi. Ciwon da duka ya haifar, an koma ana yi masa magani da duka. Kaito!

Nan ne kuma masu mulki ke samun abin da su ke so. Yaron da ya tashi ba wanda ya ji tausayinsa, shi ne mai arha ranar zaɓe. A ba shi ƙwaya da 'yan kuɗi da gora, ya zo ya tarwatsa taronmu, ya ƙone rumfunanmu. Wani kuma an karya shi tun yana ƙarami, ya saba in babba ya yi tsawa sai durƙuso, ko an ƙwace haƙƙinsa sai ya ce ranka ya daɗe. Duka biyun riba ce ga azzalumi.

"AI MU MA AN DOKE MU"

Mun san abin da waɗansu dattawa ke faɗi a zuci yanzu: ai mu ma an doke mu, ga mu kuwa lafiya lau. Allah ya ƙara lafiya. Amma ku tuna sa'o'inku. Ina wane da ya bi duniya? Ina wance da ta haukace bayan haihuwar fari? Wanda ya haye kogi shi ke ba da labari, wanda ruwa ya ci ba a jin ta bakinsa. Kuma ku tuna da kyau, ku da kuka haye, ba kwa rasa wani da ya riƙe muku hannu: kaka mai ɓoye muku ɗumame, ko gwaggo, ko malamin da ya ce kai yaron kirki ne.

Wannan ma an auna shi. A wani tsibiri na Hawayi, wata malama Emmy Werner ta bi yara 698 da aka haifa a 1955 har suka kai shekara 40. Wajen kashi ɗaya cikin uku sun tashi cikin talauci da gidaje masu rikici. Amma cikin waɗannan, kashi ɗaya cikin uku sun zama mutanen kirki masu natsuwa. Da aka duba abin da ya haɗa su, babba daga ciki shi ne kowannensu ya sami aƙalla babban mutum ɗaya da ya ƙaunace shi, ya tsaya masa, ko da ba shi ya haife shi ba. Waɗansu kuma da suka lalace da ƙuruciya sun gyaru daga baya, ta hanyar aure nagari, ko sana'a, ko riƙon addini.

Saboda haka kada wanda aka cuta ya fid da rai, kada kuma a riƙa nuna shi da yatsa. Yawancin waɗanda aka zalunta suna yara ba su zama masu zaluntar 'ya'yansu ba. Ƙwaƙwalwa tana karɓar gyara, musamman in an yi da wuri.

Ba kuma cewa muka yi a bar yara sakaka ba. Horo dabam, azaba dabam. Malamanmu na fiƙihu da suka yi maganar horo sun kafa sharuɗɗa: ban da fuska, ban da rauni. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maraya ya tashi. Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara goma tun yana yaro, ya kuma ba da shaida cewa bai taɓa yi masa tsawa a kan abin da ya yi ko ya bari ba. Kai mai yaron shago, ga ma'auni.

ABIN DA MU KE NEMA GA GWAMNATI

Dokoki ba su yi mana kaɗan ba. Akwai Dokar Haƙƙin Yara ta 2003. Akwai dokar 2004 da ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma tilas. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 ta zamanin Turawa. A shekarar kuma aka kafa hukumar kula da almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta. Amma doka a takarda tuwo ne a hoto. A wajen 2022 likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Talaka na ƙauye sai ya sayar da akuya kafin ya kai ɗansa Dawanau, ko Barnawa ta Kaduna, ko Kware, ko Maiduguri.

Muna nema a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane ciwon damuwa da magance shi, domin a same shi kusa da gida. Muna nema a san kowane gida da a ke ajiye yara, a riƙa shiga dubawa ba sanarwa. Muna nema a taimaki makarantun allo da abinci da magani, yaro ƙarami ya yi karatu a garin iyayensa. Muna nema karatu kyauta ya zama kyauta da gaske. Muna nema in an kama mai lalata da yara a hukunta shi ko ɗan wane ne, kada waya ta zo daga sama a sake shi. Kuma muna faɗa da babbar murya, uwar da ke ɗora wa 'yarta talla ba mugunta ta sa ta ba, yunwa ce, wanda ya jawo yunwar kuwa yana da kaso cikin alhakin.

ABIN DA KE WUYANMU

Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, akwai abin da ba sai mun jira kowa ba.

In ranka ya ɓaci, kada ka ɗaga hannu sai ka huce. Abin da ka yi cikin fushi ramuwa ce. Ka kiyaye bakinka, domin bakin iyaye kaifi gare shi. Yaron da ke fitsarin kwance, ko ya daina magana, ko ya riƙa firgita, ko ya ƙi zuwa wurin wani mutum da ya saba zuwa, a tambaye shi a hankali kafin a ɗauko bulala.

In yaro ya ce an taɓa shi, a yarda da shi tukuna, a kai shi asibiti a ranar, kada a bari a kwana uku, domin akwai magungunan rigakafin da ba su aiki in an makara. Kada a zage shi, kada a karɓi kuɗi a zaure a kashe magana da sunan rufin asiri. Asirin mai laifi a ke rufewa, yaron kuwa a bar shi da gawar a ƙirji har tsufansa.

In talla ta zama dole, to, a yi ta da rana, su tafi su biyu, ban da shiga ɗaki ko shago, kuma kada a doki yarinya domin kaya sun yi kwantai. Almajirin da ke maka aiki ka san sunansa da garinsu, ka tambaye shi ko ya ci.

Babban da ke fama da tsohon ciwo a zuci, kada a ce masa raki ne ko ƙarancin imani. A saurare shi, a raka shi asibiti. Addu'a da magani ba su faɗa da juna.

Daga ƙarshe muna ba kowane reshe shawara ya zaɓi dattijo ɗaya da dattijuwa ɗaya, masu amana, waɗanda yaran kasuwa za su san suna iya kai musu kuka, su kuma su kai maganar gaban sarkin kasuwa ko hukuma. Ba ya cin ko kwabo. Da ma mun gaji cewa ɗa na kowa ne. In ka ga ana cin zalin yaro a layinku ka kau da kai, ka sani shekara goma sha biyar masu zuwa a layin nan za ku haɗu, shi da ƙarfinsa, kai da furfura.

Jama'a, yaran nan su ne za su riƙe rumfunan nan, su ne za su jefa ƙuri'a, su ne za su ɗauke mu zuwa kushewa. Abin da muka shuka a zukatansu shi za mu girba. Allah ya shirya mana zuriya, ya jiƙan iyayenmu, ya sanyaya zuciyar duk wanda aka cuta yana ƙarami, ya nuna mana ranar sawaba.